Jirgin da Bai Amsa Kira Ba

A birnin San Diyego na ƙasar Amurka an yi wani tsohon kafinta da matarsa, suna da jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, jirgin ya girmi ɗansu na fari. Kowace shekara, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, idan hatsarin guguwa ya lafa, jirage fiye da ɗari sukan tashi daga birnin a ayari guda, su bi gaɓar tekun Fasifik su gangara kudu har Kabo San Lukas a Meziko, tafiyar mil 750. Sunan ayarin Baja Ha-Ha, mujallar Latitude 38 ce ta kafa shi a 1994. Ba tsere ake yi ba. Wanda iska ta yi wa gardama sai ya tayar da inji, ya rubuta awannin da ya ƙona mai. Sai dai ranar rufe taro akan kira sunayen waɗanda suka kai da iska zalla, a tafa musu. Wannan tafin dattijo ke so, ya kuwa daɗe yana sonsa.

Ranar tashi ya ɗauki makullin inji ya rataye a ƙusa, ya ce wa matarsa a nan zai kwana har Kabo. Ta ce Allah ya nufa, ta ɗauko littafinta da fensir.

Ita aikinta ke nan. Kowace safiya madugun ayari yakan hau rediyo ya kira jirage ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda yake da lafiyar mutanensa. Ba wanda ya sa ta, amma takan rubuta abin da kowa ya faɗa, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba.

Iska ta taso daga arewa maso yamma, ta bayansu, ta cika yadin jirgi. Sababbin jirage suka wuce fuu, wasu na ɗaga musu hannu, wasu na tambaya ta rediyo ko a aiko musu da igiya. Dattijo ya yi dariya ya ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Jirgi ɗaya ne kaɗai ya rage a bayansu, na wani saurayi da amaryarsa da ba su taɓa kwana a teku ba. Da magariba ta biyu amaryar ta kira tsohuwa ta oba-oba, ta tambaye ta yadda ake hana tukunya zamewa daga kan murhu. Tsohuwa ta gaya mata, sannan ta tambayi inda suke, ta rubuta.

Gari ya waye suna daf da tsibirin Sedros, zangon farko na Bahiya Tortugas ya kusa. Madugu ya kira jirage, kowa ya amsa. Ya kira na yaran sau uku, shiru. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne, kusan kullum akan sami wanda barci ya ɗauke ko batirinsa ya sauka, a jira zuwa yamma. Ya ƙara da cewa in akwai wanda ke kusa da su ya sa ido.

Tsohuwa ta buɗe littafi ta ajiye a gwiwar mijinta. Ta nuna masa cewa duk ayarin babu wanda ya kai su kusa da yaran.

Dattijo ya dubi littafin, ya dubi makullin da ke lilo a ƙusa. Ya ce ba wanda ya nemi agaji. Ta ce haka ne. Ya ce komawa arewa yana nufin fuskantar iska da igiyar ruwa da ke gangarowa kudu, jirginsu kuwa mai nauyi ne, ba zai iya ba sai da inji. Ta ce ta sani. Ya ce in suka koma suka tarar da yaran suna shan shayi, ya zubar da burinsa a banza, kuma ba shi da tabbacin ƙafafunsa za su sake kawo shi baɗi. Ta ce wannan ma gaskiya ne. Sannan ta ce yarinyar ta yi alkawarin za ta kira da safe ta gaya mata ko tukunyar ta zauna, ga shi rana ta take ba ta kira ba.

Ya daɗe riƙe da sitiyari bai ce uffan ba. Iskar ranar irin wadda ya yi shekaru yana roƙo ce, ba ƙarfi ba rauni, jirgi na tafiya sumul. Can sai ya miƙe, ya sauke yadi, ya ciro makullin. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ya kira madugu ya shaida masa sun juya, madugu ya ce zai sanar da sojojin ruwan Meziko.

Tsohuwa ta lissafa inda iska da ruwa za su kai jirgin da ba a tuƙa shi. Suka nausa arewa, ruwa na dukan goshin jirgi yana watso musu a fuska. Bayan la'asar oba-obarta ta yi ƙara, wata murya siririya ta fito. Ashe cikin dare yaran sun daki wani abu a ruwa, allon da ke juya jirgi ya karye, ruwa ya shiga ya kashe batura da babban rediyonsu. Ƙaramar oba-obar hannu ce ta rage, ita kuwa muryarta ba ta wuce 'yan mil kaɗan. Sun kwana suna kwarfar ruwa da bokiti, hannun saurayin duk ya ɗaye.

Dattijo ya jefa musu igiya, ya ja su sannu a hankali dare guda. Da hantsi suka shiga Bahiya Tortugas, masunta suka taro su da kwalekwale, wani maƙeri a garin ya gyara allon.

Da aka kai Kabo, aka raba takardun lissafi. Saurayin ya je wurin madugu yana roƙo kada a ƙirga wa dattijo awannin ceto. Madugu ya ce ya amince. Dattijo ya ce a'a, injin ya yi aiki, kuma hannunsa ne ya murza makullin. Ya karɓi fensirin matarsa ya rubuta awa 22. Aka kira sunayen masu iska zalla, aka tafa, shi ma ya tafa musu. Yaran kuwa suka ci gaba da tafiya kudu, amaryar ta sayi littafi da fensir kafin su tashi.