Ku Duba Abin da Take Zanawa a Ƙasa

'Ya'yana, musamman ku da Allah ya ba 'ya'ya mata, akwai wani littafin yara da nake so ku fara karantawa kafin ku miƙa musu. Sunansa The Red Pencil. Wata Ba'amurkiya, Andrea Davis Pinkney, ta rubuta shi, ya fito a 2014. Labari ne guda, amma a gajerun waƙoƙi aka zuba shi, kuma babu amsa-amo irin wanda kunnenmu ya saba ji a waƙoƙin Aliyu Namangi.

Amira ce ke ba da labarin da bakinta. Shekararta 12, a wani ƙauye na Kudancin Darfur, lokacin da yaƙin 2003 ya kunno kai. Masu karatu sukan riƙe harin 'yan Janjawid, da kashe mahaifinta, da zaman sansanin Kalma kusa da Nyala, inda maganarta ta ɗauke har aka ba ta jan fensir. Ni kuwa farkon littafin nake so ku daɗe a kai, tun ana zaman lafiya. Aikin gona, tunkiyarta Nali, ƙawarta Halima da ta tafi makaranta a birni ta bar ta da kewa, da ɗan tsinken da take zane da shi a kan rairayi. Uwarta, mace mai ƙaunarta ƙwarai, gani take aure ne gaba, makaranta ɓata lokaci ce. Uban shi ne mai tsayawa ya duba zanen.

To kai fa? 'Yarka ta dawo daga islamiyya bakinta cike da labari, wance ta ɗauke mata takalmi, malam ya yaba haddarta, kai kuma idonka na kan waya, ka ce, "Ke, je wajen uwarki." Ba zagi ka yi ba, na sani. Amma yarinya tana lissafi, kuma in korar ta yi yawa sai ta daina kawowa, ku kuma ku ce ta yi hankali.

Littafin da Turanci yake. Ku zaunar da ita bayan sallar isha'i, waƙa ɗaya ko biyu a dare, kuna fassara mata, kuna barin ta ta katse ku da tambaya. Wajen harin yana da nauyi, kada ku bar ƙaramar yarinya ta karanta shi ita kaɗai.