Wa Ke da Iko da Iska?

A da, idan sarki yana da saƙo, sankira ne ke zaga gari da shela, kuma ba kowa ke wannan aiki ba sai wanda aka ba izini. Yau ma, mai son kafa ƙaramar tashar rediyo a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi sai ya nemi izini, amma daga Abuja. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sai kuma ya ce ban da gwamnati, ba mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke tantance masu nema. Sai a 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma na farko, guda 17 kacal a faɗin Nijeriya. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun 1999 suka buɗe ta Bankilare.

To, da wane haƙƙi ake hana mutanen gari yi wa junansu magana ta iska?

Gwamnati tana da hujja, kada mu raina ta. Zangon rediyo ƙayyadadde ne. Tasha biyu a zango ɗaya hayaniya kawai za su haifar. Babbar hujjar kuwa tsoro ce. A Ruwanda, a 1994, gidan rediyon RTLM ne ya riƙa zuga maƙwabci ya kashe maƙwabcinsa. Mu 'yan jihar Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da baki ke iya kunnawa ba.

Sai dai hujjar tsoron ta tsufa. Yau jita-jita ba ta jiran lasisi; saƙon murya ɗaya a WhatsApp kan karaɗe Kudan kafin a yi la'asar, ba a san wanda ya fara shi ba. Wanda dokar ke tarewa shi ne mai suna da adireshi, wanda idan ya yi ƙarya za a iske shi a ƙofar gidansa. Ku tuna 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci. Manomin Ikara yana buƙatar wanda zai gaya masa kullum da safe fadamar da ta kamu da abin da malamin gona ya ce. Rediyon Kaduna yana magana da Arewa baki ɗaya, ba zai tsaya kan farashin rake a kasuwar Makarfi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Akwai tambayar da muke kauce wa, don ta fi kusa da mu. A ce gobe an ba mu lasisin, wa zai riƙe makirfo? Wanda ya sayi janareta da mai, galibi shi ke zaɓen wanda zai yi magana, balle in zaɓe ya matso. Za mu ba Bafulatanin ruga awa guda ya faɗi nasa ɓangaren a rikicin burtali? Matar da ke cikin kulle fa, da Kiristan Ikara wanda Hausa ce harshen uwarsa? Idan ba za mu ba su ba, mu ma mun zama masu ba da lasisi ke nan, sai dai namu ba shi da fom, ba shi da ofishin da za a kai ƙara.