Waƙar Ɓawon Ƙasa da Sharhinta

Ƙasar da kake takawa, ya ɗan'uwana,
Ɓawo ce, ƙarƙashi wuta ke ƙuna.
Dutse ya narke can, ya zam kamar kunu,
Ya nemi ƙofa, babu mai iya hana.
Tambayi Niyos, tafkin da ke Kamaru,
Dare guda ya ɗauke masu kwana.

SHARHI

Ka sani, ya kai almajiri, Allah Ya yi maka rahama, ƙasa hawa-hawa ce kamar ƙwai. Ɓawon da muke noma a kansa kaurinsa wajen kilomita 35 ne. Ƙarƙashinsa akwai dutse mai zafi har zurfin kilomita 2,900, sannan narkakken ƙarfe, sannan cibiya ta ƙarfe daskararre, zafinta ya haura digiri 5,000. Ɗan Adam, duk da taƙamarsa, ramin da ya fi zurfi da ya haƙa, a ƙasar Rasha, kilomita 12 ne da 'yan kai.

Faɗarmu "dutse ya narke", ba dukkansa ba ne. Yana narkewa ne inda nauyin da ke danne shi ya ragu, ko ruwa ya shige shi. Narkakken ya fi na kewayensa sauƙi, sai ya taso. A cikinsa akwai iska a tsare. Idan ya kusanto sama sai ta kumbura ta fasa dutsen, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Wannan shi ne aman wuta, irin wanda Dutsen Kamaru ya yi a 1999.

Amma Niyos bai yi wuta ba. Tafkin yana zaune a bakin tsohon dutse mai aman wuta, iskar tana tsiyaya tana taruwa a gindin ruwan shekara da shekaru. Daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle. Da yake ta fi iskar numfashi nauyi, sai ta bi kwari ta shiga ƙauyuka. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi dubbai, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu.

Wasu suka ce aljanun ruwa ne. Wannan zance ba shi da hujja. Wasu kuma suna ƙin jin sababi, wai tsoron taɓa ƙaddara. Su ma sun yi kuskure, domin Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya halicci sababin. A 2001 aka kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar sannu-sannu, wannan kuwa aiki ne da Shari'a take yabo, domin tsare rai ne.

Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka rasu a wannan dare, amin.