BINDIGAR BABA

'Yan uwana mata, wata tambaya ce ta hana ni sukuni tun ranar da muka fitar da kayan ɗakin marigayi Babanmu. A ƙarƙashin gado muka ciro tsohuwar bindigarsa mai baki biyu, wadda yake farautar zabbin daji da ita, naɗe cikin buhu. Tsatsa ta ci ƙarfen, ƙotar ta bushe har ta fara tsagewa.

Yaya ya ce a gyara ta. Inna ta ce, "Kai dai ka bar ta yadda Malam ya bar ta, ba na son fitina a gidana." Ni kuwa na goyi bayan Inna, har na ce masa, "Haba Yaya, abin da aka ƙera don kisa, goge shi ai kiran masifa ne." A tunanina tsatsa ta riga ta kashe ta, kuma wanda bai taɓa ba babu ruwansa.

Yaya bai tanka min ba. Ya juya bakinta wajen bango, ya karya ta a tsakiya kamar yadda ake yi kafin komai. Wallahi sai ga harsashi ɗaya zaune a ciki! Shekara 11 yana nan, a ɗakin da 'ya'yanmu suke ɓuya in suna wasa. Cikina ya ɗuri ruwa, na nemi wuri na zauna.

To, wa ya fi kusa da alhaki? Mai son gogewa, ko mu da muka kawar da kai muna ganin hannunmu fes?

Na ɗauko masa kananzir da tsumma da man keken ɗinkina. Kwana uku yana jiƙa ƙarfen yana gogewa a hankali, yana zura tsumma cikin bakin da sanda har ya daina fitowa ja. Ƙotar da ta sha mai sai ga shatin hannun Baba, inda katakon ya yi santsi. Allah sarki, nan Inna ta yi ƙwalla. Amma da ya ɗaga bakin ya leƙa ta hasken rana, ciki duk ramuka ne. Ya ce tsatsa ta rage kaurin ƙarfen, in aka harba tana iya fashewa a fuskar mai harbin.

Ban canja ra'ayi kan ajiye makami a gidan yara ba, har gobe ba na so. Kuma dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe irin wannan babu lasisi, na Baba kuwa ba gado ba ne da za a raba. Abin da na daina faɗa shi ne "bar ta kawai". Mu mata mun iya wannan magana, mu tura abu ƙarƙashin gado mu ja zanin gado ya rufe.

Inna ta roƙi a bar mata ita kwana ɗaya a jingine a ɗakinta. Washegari da hantsi Yaya ya naɗe ta cikin sabon zane, ya haɗa da harsashin, ya kai ofishin 'yan sanda.