Mai Niƙa Launi: Ɗalibi Ne Ko Ɗan Aike?

Duk wanda ya halarci walimar saukar Alƙur'ani a Garwa ko Marwa ya san allon zayyana: Fatiha ko farkon Baƙara a tsakiya, an kewaye da zane na ja da rawaya da kore. Jama'a kan yaba kyan allon. Ba a cika tambayar wanda ya haɗa launukan ba, alhali galibi wani yaro ne a zauren malam.

Shi ke jiƙa ƙaro, ya niƙa gawayi, ya tace tawada, ya fere alƙalamin gamba. Yana iya shekara da shekaru a haka bai ja layi ɗaya a allon kirki ba. Wannan koyarwa ce, ko cin gumin yaro ne da sunan haƙuri?

Ba mu kaɗai muka gaji wannan tsari ba. A Indiya, a fadar Sarki Akbar da ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, masu ƙawata littattafai da hotuna sun ɗauki kusan shekara 15 kan littafi guda, Hamzanama, mai zane wajen 1,400. A irin waɗannan gidajen zane, sabon shiga daga niƙa yake farawa: ya mayar da dutse mai launi gari, ya kwaɓa da ƙaro, irin dai namu na Sahel, ya ɗaure burushin gashin kurege, ya goge takarda da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Zanen fuska kuwa sai ƙwararre.

Akwai hikima a ciki, ban musa ba. Wanda bai niƙa da hannunsa ba ba zai gane cewa in ƙaro ya yi yawa launi tsagewa yake yi, in ya yi kaɗan kuma ya bi yatsa ya goge. A rubutaccen Alƙur'ani namu launi ba ado ba ne kawai: baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasula, ɗigon rawaya na hamza. Kuskuren launi kuskuren karatu ne.

Amma niƙa yana zama darasi ne in malam ya buɗe baki ya faɗi dalili. Inda nake da ja shi ne malamin da ke cewa "lokaci bai yi ba" shekara bayan shekara, yana ɓoye ma'aunin haɗin don kada yaro ya buɗe nasa zauren ya raba masa kasuwa. Malamanmu da kansu suke mana wa'azi a kan ɓoye ilimi, kuma ban ji inda aka cire ilimin hannu daga ciki ba.

Yaran yanzu ba za su jira ba. Alƙalamin maka yana nan a babbar kasuwar Garwa, arha, launinsa kuma kan kode kafin allon ya tsufa. Wani ma takardar da inji ya buga yake mannawa. Dattijon da ya san yadda ake dafa bagaruwa da ƙarfe a sami baƙar tawada mai daɗewa yana zaune a zaure, babu mai tambayarsa, shi ma bai kira kowa ba.