Ciwon Yatsun Makaɗi: Tsakanin Haƙuri da Haƙƙin Jiki

Masu kaɗa kayan kiɗa na tsirkiya, wato garaya da molo da gurmi da kuntigi, har da jitar zamani mai kaurin murya da ake kira bas, suna tarayya a larura guda, ita ce ciwon yatsu da ke biyo bayan shekarun da aka kwashe ana danne tsirkiya ana fizgarta. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda karatun addini ya yi saiwa, kuma kiɗan biki da na noma bai gushe ba, wannan ciwo yakan jawo tambayar da ta wuce fagen likita, domin wasu na ɗaukarsa jarrabawa da ake daurewa, wasu na ganinsa horo daga Allah saboda sana'ar, kaɗan ne ke fahimtarsa a matsayin gargaɗin da gaɓa ke yi wa mai ita.

Kafin a auna waɗannan ra'ayoyi, wajibi ne a warware kalmar jijiya, wadda Bahaushe ya haɗe abubuwa uku a cikinta: hanyar jini, da agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Na ukun ake nufi a nan. Ɗaya daga cikin irin waɗannan jijiyoyi tana ratsa wani matsattsen rami a wuyan hannu tare da agara tara, ita ke ba babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe ji, wata kuma tana bi ta bayan gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa da ragowar rabin na zobe. Idan makaɗi ya daɗe yana lanƙwasa wuyan hannu, musamman a kan bas mai dogon wuya da kaurin tsirkiya, sai jijiyar ta matsu, yatsu su riƙa sagewa, ya ji kamar ana tsira masa allura, har cikin dare ya farka yana yarfa hannu. Wannan ya sha bamban da raɗaɗin da ɗan koyo ke ji a kan yatsunsa kafin su yi kanta, domin wancan kuɗin shiga sana'a ne da ke wucewa, wannan kuwa idan aka yi biris da shi yana iya kai wa ga ramewar tsokar gindin babban yatsa, yadda ko maɓallin riga zai gagari mutum sawa.

Masu cewa horo ne suna jingina da saɓanin da ke kan kiɗa, saɓanin da Tambuwal ba baƙuwarsa ba ce, kasancewarta mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Shehu ya soki shagaltuwar sarakuna da kiɗe-kiɗe a Kitabul Farƙi, sannan a Najmul Ikhwan ya ja kunnen ɗalibai game da gaggawar inkari a mas'alolin da malamai suka saɓa a kansu, kayan kiɗa na cikinsu. To amma ko wane ɓangare mutum ya rinjayar, ciwo ba ya zama hujjar hukunci, domin ita wannan matsuwar jijiya tana kama tela da masaƙi da mai daka, tana kama mai juna biyu, tana kuma kama malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara. Ciwon sukari da kuturta ma suna kashe ji a yatsu ba tare da tambayar sana'ar mai su ba. Da ciwo zai zama shaidar saɓo, da marubucin Mus'hafi ya shiga sahun waɗanda ake tuhuma. Halacci da haramci daga nassi ake ɗaukarsu, shi kuwa ciwo yana bin sababi, wato dalilin zahiri da Allah ya ɗora faruwar abu a kansa.

Masu cewa jarrabawa ce sun fi kusa da daidai, sai dai sukan faɗaɗa ma'anar haƙuri fiye da iyakarta. Haƙuri a wurin malamai shi ne tsare zuciya daga fushi da hukuncin Allah da tsare harshe daga raki, ba ya nufin barin cutar da mutum ke da ikon kawar da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, wadda Zainab ke riƙewa idan tsayuwar dare ta gajiyar da ita, sai ya yi umarni a kwance ta, kamar yadda ya hana Abdullahi ɗan Amru dawwama kan azumi, yana tuna masa cewa jikinsa na da haƙƙi a kansa. Idan ba a yarda a karya jiki saboda nafila ba, ina ga neman na tuwo. Shi ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai kan ciwon ido da basir, bai ga hakan ya rage masa tawakkali ba, domin tawakkali dogara ga Allah ne bayan an riƙi sababi.

Inda mas'alar ke da wuya shi ne lokacin kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, bukukuwa suka jeru daga Dogon Daji zuwa Jabo da Sanyinna, abin da makaɗi zai samu a ƴan makonnin nan kuma shi zai riƙe iyalinsa har damina. Cewa ya huta abu ne mai sauƙi ga wanda rumbunsa ke cike. Amma ƙa'idar fiƙihu ta ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba tana nuna cewa asarar biki biyar ta fi sauƙi a kan asarar hannu, kuma tsakanin ajiye kiɗa gaba ɗaya da yi wa kai ganganci akwai matakai, kamar sassauta tsirkiya, da miƙar da wuyan hannu, da ɗaure shi da dare, da karɓa-karɓa tsakanin abokan kiɗa, da zuwa asibiti tun sagewar ba ta zama ta dindindin ba. Nauyin kuma bai tsaya kan makaɗi shi kaɗai ba, domin uban kiɗan da ke hana yaransa hutu, da mai bikin da ya ga makaɗi na yarfa hannu ya ƙara masa liƙi don ya kai asuba, duk suna da kaso a cikin abin da ya sami wannan hannu, kuma za a tambaye su game da shi kamar yadda za a tambayi wanda aka ba amanarsa.