SHIN DA GASKE ZUCIYA CE TA ƊEBE SHI?

Idan mutum ya zaro wuƙa ya daɓa wa ɗan'uwansa, ko kuwa taron jama'a ya cinna wa gidan wani wuta, akwai kalmomi uku da muka saba wanke abin da su. Ko mu ce zuciya ce ta ɗebe shi, ko mu ce aikin Shaiɗan ne, ko kuma mu ce ai wasu 'yan iska ne daga wata unguwa. Duka ukun suna da daɗin faɗi, domin kuwa kowace daga cikinsu tana ɗauke laifin daga hannun mai shi, ta kuma ɗauke shi daga hannunmu mu da muke kewaye da shi. A wannan maƙala muna so 'yan'uwa marubuta su tsaya tare da mu a kan ta farkon, mu auna ta da abin da idonmu ya gani a Zariya.

Da yawanmu muna 'yan firamare a watan Maris na 1987, lokacin da rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wani wa'azi. Cikin 'yan kwanaki sai ga hayaƙi a Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa a Sabon Gari da Samaru da Wusasa. A watan Mayu na 1992 kuma aka sake irinta, bayan kashe-kashen Zangon Kataf, waɗanda asalinsu gardama ce a kan sauya wa kasuwa matsuguni. Sai Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 800 suka halaka cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, mafi yawansu a jihar Kaduna, kuma a Zonkwa da Kafanchan Musulmi ne aka yi wa kisan gilla.

To, ga abin lura. Tsakanin Kafanchan da Ƙofar Doka tafiyar sa'o'i ce a mota. Mutumin Wusasa da aka ƙone masa majami'a bai je wurin wa'azin ba, ƙila ma Bahaushe ne kamar wanda ya kunna ashanar, tunda tun 1929 Hausawa Kirista ke zaune a can. Haka kuma tsakanin jin labarin da ɗaukar galan ɗin fetur an kwana an tashi, an ci tuwo, an yi salla. Zuciyar da ke ɗibar mutum ba ta jiran kwana uku. Fushi na gaskiya kamar tafasar madara yake, yana tasowa ya sauka kafin a gama alwala, shi ya sa ma addini ya hore mu da zama idan muna tsaye, da yin alwalar. Abin da ke iya jira har kwana uku, ya nemo fetur, ya san wace ƙofa zai tsallake wace zai fasa, lallai yana da wani suna daban.

Masana halayyar ɗan Adam na ƙasashen Turai sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan tambaya. Na farkonsu, irin su Sigmund Freud da Konrad Lorenz, sun ɗauka cewa son cutarwa a jini yake, yana taruwa kamar ruwa a bayan madatsa, in ba a buɗe masa hanya ba ya fasa. Wannan ra'ayi ya yi daidai da maganarmu ta a bar shi ya huce. Sai dai gwaji bai goya masa baya ba. A 2002 Brad Bushman ya fusata wasu ɗalibai da gangan, ya ba wasunsu buhun 'yan dambe su yi ta naushi suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma ya ce su zauna shiru. Waɗanda suka yi naushin su ne suka fito da ƙarin fushi da ƙarin son ramuwa.

A 1939 kuma John Dollard da abokansa na Jami'ar Yale suka kawo wata magana, wai takaici ne uban ta'adi: duk wanda aka tare masa hanyar biyan buƙata zai nemi inda zai sauke, in ya kasa kai wa ga wanda ya tare shi sai ya sauke a kan wanda ya fi ƙarfi. Bahaushe ya riga su sani, tunda shi ya ce an kasa jaki an koma dukan taiki. Babu mai musun cewa akwai takaici a garin nan. Masaƙun Kaduna sun mutu, yaro ya gama sakandare ya gama kwaleji yana zaune a dakali, mahaifinsa ya yi ritaya fansho ya gagara. Amma in da takaici kaɗai ya isa, da kullum garin yana ci da wuta, kuma da matan aure da ke surfe da ciki wata takwas su ne kan gaba wajen ƙone-ƙone. Takaici itace ne busasshe, yana iya shekara ashirin a jingine ba abin da ya faru.

A nan ne mu malaman makaranta muke da abin cewa, domin ba a yin mako ba mu raba faɗa ba. Abin da muka daɗe da lura shi ne, yara biyu da suka saɓa a bayan aji babu kowa, da wuya su wuce zagi da hankaɗa. Amma bari a tashi tara, a yi musu da'ira, wani ya zana layi a ƙasa ya ce wanda ya isa ya tsallaka, wani ya ce ai uwarka ya zaga, nan take za ka ga jini. Sau da yawa idan muka kutsa muka riƙe hannun yaro, mukan ji jikinsa ya saki, kamar wanda ya daɗe yana jiran a zo a cece shi daga faɗan. Ba ya son dukan, kunyar ja da baya a gaban jama'a ce ta fi masa dukan ciwo. Idan kuma aka bi sawu zuwa gida, sai a tarar akwai wanda ya taɓa ce masa in ya sake dawowa da kuka bai rama ba, sai an ƙara masa. Mu ma kanmu ba mu fita ba. Mu ne muke damƙa wa monita bulala mu tafi ofis, yaro ɗan shekara 13 ya koyi cewa wanda aka ɗora a kan mutane dukansu yake yi.

Albert Bandura ya nuna wannan a 1961 a Jami'ar Stanford da yara 72 'yan ƙasa da shekara shida. Waɗanda suka kalli babba yana jibgar wani ɗan tsana na roba, da aka bar su da shi sai suka jibge shi, har da irin kalmomin da babban ya furta. Yaro ba duka kaɗai yake kwaikwaya ba, yana karanta fuskar manya ya ga ko abin ya halatta. Haka a 1954 Muzafer Sherif ya kai yara maza 22 wani sansani a Oklahoma, ya raba su gida biyu ya haɗa su gasa, kafin a jima suna ƙona tutar juna suna kai wa ɗakunan juna hari da dare. Daga baya masu bin diddigi sun gano cewa manyan da ke kula da sansanin sun riƙa iza wutar da kansu don gwajin ya yi kyau. Wasu na ganin wannan ya rage darajar binciken. Mu kuwa a wurinmu a nan ne ya fi kama da abin da muka sani.

Saboda haka abin da muke ganin yana tsakanin fushi da kisa shi ne izini. Ba lallai wani ya tashi ya ce je ku kashe ba. Izini yakan zo a hirar majalisa bayan la'asar, a bakin dattijon da ya ce ai mutanen nan sai an nuna musu, a bakin mai wa'azin da ya kira wasu da sunan da ya fitar da su daga sahun mutane, a saƙon WhatsApp mai hoton gawarwakin wata ƙasa da aka ce na garin kaza ne jiya. Donald Horowitz, wanda ya nazarci tarzomar ƙabilanci kusan 150 a ƙasashe kusan 50 cikin littafinsa na 2001, ya tarar da abubuwa iri ɗaya kusan ko'ina: jita-jitar cewa an riga an kashe namu, ɗan shiru kafin a fara, zaɓen wanda za a far wa a tsanake, da kuma yaƙinin masu yin cewa jama'arsu na bayansu. A 2011 taron da ake cewa ya haukace bai ɓata hanya ba, ya san inda gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo yake a Zariya, ya je ya ƙone shi. Mahaukaci ba ya tambayar adireshi.

Akwai kuma izinin da ke saukowa daga sama. A gwajin Stanley Milgram da aka wallafa a 1963, an umarci mutane talakawa su riƙa danna wa wani bawan Allah wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa. Wutar ta ƙarya ce amma su ba su sani ba, kuma 26 daga cikin 40 suka bi umarni har matakin ƙarshe, alhali babu wanda ya ɓata musu rai. Ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. Daga 12 zuwa 14 ga Disamba 2015, bayan almajiran Malam Ibrahim Zakzaky sun tare wa ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa hanya, abin da ya faru a Husainiyya da Gyallesu ya faru. Gwamnatin jihar Kaduna da bakinta ta shaida wa hukumar bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Hukumar ta ɗora wa ƙungiyar nata laifin, ta kuma ce sojoji sun yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da aka riƙa faɗa a zaurukanmu a makon. Mutane da yawa da tare hanya da muzahara suka daɗe suna ƙuntata wa, mutanen kirki masu salla a sahun gaba, sun ce ai su suka ja wa kansu. Ƙorafinsu na gaskiya ne. Amma jimlar da suka furta ita ce dai jimlar da wani ya furta a Zonkwa a 2011, ita ce kuma aka furta a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, sa'ad da aka ƙone mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida, mu kuma muka yi kuka muka ce ina imani.

'Yan'uwa marubuta, wannan jimla sana'armu ce. Mu ne masu ƙera mugu a littafi. Idan muka zana kishiya ko ɗan wata ƙabila ko ɗan wata ɗariƙa ba uwa ba uba ba dalili, sai mugunta tsagwaronta, sa'annan muka sa jarumi ya yi masa dukan kawo wuƙa mai karatu yana jin daɗi, to mun koya wa yarinyar da ta yi hayar littafin cewa akwai mutanen da jininsu ba ya ƙazanta hannu. Ba cewa muke a daina rubuta mugaye ba, labari ba ya tafiya sai da su. A ba mugun suna da gida da abin da yake tsoro.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa taron wayar da kai na yini ɗaya zai warware abin. Alexandra Scacco da Shana Warren sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16 a Kaduna, suka wallafa sakamakon a 2018. Ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba. Abin da ya bambanta shi ne aiki: waɗanda suka zauna a aji gauraye sun fi yi wa ɗan ɗaya addinin adalci wajen rabon kuɗi, a kan waɗanda suka zauna da nasu zalla. Wato ana iya gyara hannu tun zuciya ba ta gyaru ba.

Shi ma Milgram ya sake gwajinsa ta wata fuska. Ya zaunar da mutum biyu kusa da mai danna wutar, ya shirya da su cewa a tsakiyar aiki su ce sun ƙi. Da aka yi haka, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Izinin da jama'a ke bayarwa, mutum ɗaya ko biyu na iya janye shi, kamar yadda Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya yi a Yunin 2018, yana da shekara 83, lokacin da ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga yana roƙonsu.

Mun taɓa ganin ƙaramin irin wannan a wata kasuwa cikin ganuwar nan. An yi ihun ɓarawo, aka kama wani yaro da bai wuce shekara 15 ba, wai ya zari waya. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi, mai gora da mai dutse, wani har ya fara tambayar ina taya. Waɗanda ke dukan ba su san wayar waye ba. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ajiye faifanta, ta ratsa tsakiyar maza ta dafa kan yaron, ta kira shi da sunansa, ta ce wannan ai ɗan wane ne na unguwar kaza, ita ta yi wa uwarsa wankan jego. Hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Mai goran ya juya yana gyara hula, wani ya ce to a kai shi wurin mai unguwa, aka tafi da shi yana ɗingishi. Mu kuwa muna tsaye a wurin tun farkon ihun, da jakar takardun jarrabawar da za mu je mu duba, kuma har tsohuwar ta koma kan faifanta ba mu ce uffan ba.